Inda Yaya Sha'aibu Ya Sauka

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sha'aibu. A cikin jirgin alhazai ya cika, a hanyar dawowa daga Jidda zuwa Yamai, da rana tsaka, lokacin kaka. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa a wannan fili, amma duk shekara sai in ɗaga, saboda labarin yana da wani gefe da ban san yadda zan faɗe shi ba ba tare da an ce tsufa ya fara taɓa malamin lakwal ba. Yanzu na ajiye aiki, Inna ta rasu, ba sauran wanda nake jin nauyi. Zan faɗe shi yadda ya faru.

Yaya Sha'aibu direban babbar mota ne. Shekara ashirin da shida yana ɗaukar siminti daga Malbaza yana kaiwa Yamai, wani lokaci Tawa, wani lokaci Maraɗi. Shekara tara ce tsakaninmu. Shi bai yi lakwal ba, wato boko, sai aji uku, ni kuwa na yi karatu har na dawo Malbaza ina koyar da labarin ƙasa a koleji. In yana son ya tsokane ni sai ya kira ni Mushe, wato malam da Faransanci, yadda 'yan lakwal ke kirana. In maganar ta gaske ce, Idi yake cewa.

Mutum ne da ba ya auna nisa da kilomita. Idan ka tambaye shi nisan Yamai, sai ya ce maka a Tsarnawa za ka duba tayoyi, a Ƙonni ka sha shayi, a Dogon Dutsi ka yi salla, a Doso ka bar injin ya huce, sannan ka shiga Yamai da sauran rana in Allah ya yarda. A wurinsa hanya jerin garuruwa ce, kowane gari da mutanen da zai gaisar. Kuma yana da wata ɗabi'a da duk direbobin Malbaza suka san shi da ita: ba ya wuce gida. Mu 'yan Tajaye ne. Duk ranar da lodinsa na Tawa ne, ko an ce masa ana jiran simintin da gaggawa, sai ya ratse, ya ajiye mota, ya shiga ya gaida Inna ko da na minti biyar ne. Kafin ya shiga zaure yakan buga ƙafafunsa a ƙasa sau biyu don ya kakkaɓe farar ƙurar siminti daga takalmansa, sannan ya yi sallama. Tun muna cikin gida mun san shi ne kafin mu ji muryarsa.

Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In za ta yi mana maganarsa sai ta ce yayanku. In da matarsa Rabi take, sai ta ce maigidanki. Na girma har na yi furfura ban ji sunan Sha'aibu ya fito daga bakinta ba.

Shekarar da Allah ya ba shi ikon zuwa Makka ya riga ya bar tuƙi, ya koma Tajaye yana noma. Saura mako ɗaya su tashi ya zo ya same ni a lakwal da la'asar, yara sun watse. Ya zauna a kan bencin ɗalibai, gwiwoyinsa ba su shiga ƙarƙashin tebur ba. Na ga dai akwai magana.

Ya ce, "Idi, awa nawa anka ce jirgin shina yi?"

Na ce, "Wajen biyar da rabi."

"Nisan hwa?"

"Kilomita dubu huɗu, ko kusa da haka."

Ya jujjuya hularsa a hannu. Can ya ce, "Ni in na bar Malbaza da lodi, awa biyar da rabi ban kai Doso ba. To ina da ina aka bi?"

Na ce, "Sama ake bi, Yaya."

"Na san sama aka bi. Ƙarƙashin saman hwa? Ai akwai garuruwa."

A nan na gane damuwarsa. Ba tsoron faɗowa yake yi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a rufe shi a cikin ƙarfe awa biyar da rabi bai san inda yake ba, shi da ya yi rayuwarsa yana sanin kowane kwana da kowane rami na hanya.

Na sauko da babbar taswirar Afirka daga bango, na shimfiɗa a kan tebur. Na zaro zare daga bakin labulen taga, na ce ya danne ƙarshe ɗaya a kan Yamai, ni na ja ɗayan zuwa Jidda. Na raba zaren da rula, na yago takarda daga littafin ɗalibi, na rubuta masa jeri biyu, na tafiya da na dawowa. Na dawowar har yau ina iya faɗinsa da ka. Rabin awa, an haye teku. Awa ɗaya da kwata, kogin Nilu a ƙasar Sudan. Awa uku, tsakiyar Cadi. Awa uku da rabi, an shigo Nijar. Awa huɗu da rabi, Damargu. Awa biyar da rabi, Yamai.

Ina cikin rubutu ya duƙa yana duban zaren. Ya ga ya ratsa tsakanin Ƙonni da Tawa. Ya sa yatsa a wurin ya ce, "Nan ba gida ba ne?"

Gaskiyar magana, babu Tajaye a taswirar. Ko Illela babu. Kaurin zaren kansa ya rufe ƙasar da mai jaki zai yini bai ƙetare ba. Amma na ga yadda fuskarsa ta sake, sai na ce, "Gida ne." Na ƙara layi ɗaya tsakanin Damargu da Yamai. Na rubuta: awa biyar, Tajaye. Na tuna har dariya na yi ina rubutawa. Ya ninke takardar huɗu, ya sa ta cikin robar da yake ajiye lasisin tuƙinsa.

Kwana biyu da saukarsu ya kira ni. Ya ce tafiya lafiya, ya bi takardata layi layi. Sai ya ce, "Da munka kai rabin awa da tashi, daidai gida ke nan, na leƙa taga, hazo ne kawai, ban ga komi ba. Wucewa na yi, Idi. Ran nan na wuce gida ban sauka ba." Na yi dariya na ce ai in ya dawo ya rama. Shi bai yi dariya ba. Ya ce in gaida Inna, ya kashe.

Ranar dawowarsu ina Yamai tun jajibiri. Da hantsi na isa filin jirgi, na tarar da jama'a cike a ƙarƙashin itatuwa, kowa yana jiran nasa. An shaida mana jirgin ya tashi ƙarfe goma na Jidda, takwas ke nan a agogonmu. Na lissafa, na ce wa waɗanda ke kusa da ni ɗaya da rabi za su sauka. Na samu inuwa na zauna. Rana ce mai zafi, ba iska, sai masu sayar da ruwan leda suna kai da kawo.

Ƙarfe ɗaya da minti biyar salulata ta yi ƙara. Rabi ce daga Tajaye. Na san lokacin daidai domin na daɗe ban goge shi daga salular ba.

Ta kira ni da sunan ɗana kamar kullum, ta ce, "Baban Sani, ashe kun iso ba ku hwaɗa ba? Ina ya shiga? Masallaci?"

Na ce, "Wa?"

"Yayanka."

Na ce mata ina filin jirgi, jirgin ma bai sauka ba, da sauran wajen rabin awa. Ina jin kukan kaji ta cikin salular, da sautin taɓarya daga wani gida. Sai ta ce a hankali, "To wa ya buga ƙahwa a zaure?"

Kafin in ce wani abu na ji muryar Inna tana cewa a ba ta. Inna ba ta son salula, in an kara mata a kunne ma sai ta riƙa kauda kai. Ranar da kanta ta karɓa. Muryarta a kwance take, kamar mai aiken yaro kasuwa.

Ta ce, "Idi, kana ji na? In sun ba ka kayanshi ka taho. Kar ka daɗe."

Na ce, "Inna, ai tare za mu taho."

Ta ce, "Ka dai taho." Ta miƙa wa Rabi.

Na zauna da salula a hannu. Na gaya wa kaina tsohuwa ce, ta ƙagu, wani maƙwabci ne ya shiga zaure ya fita. Na sayi ruwa na kasa sha. Ƙarfe biyu saura ashirin jirgin ya sauka, jama'a suka miƙe gaba ɗaya, mata suna guɗa. Ni ma na miƙe.

Sai bayan ƙarfe uku alhazai suka fara fitowa. Na tsaya a bakin shingen ƙarfe ina duban kowace fuska. An rungumi wannan, an ɗauke wa wancan jaka. Layin ya yi siriri, ya ƙare. Daga baya wani dattijo ya fito shi kaɗai da jaka biyu, ɗaya a kowane hannu, yana dube-dube. Na gane shi, Alhaji Ada ne, manomi daga Tsarnawa, wanda suka tafi tare kuma suka zauna ɗaki ɗaya a Makka. Na kuma gane jakar hannunsa na hagu, domin ni na ɗaura mata jan ƙyalle don kada ta ɓace. Da ya gan ni sai ya ajiye jakunkunan a ƙasa. Ya kama hannuna muka koma gindin itace.

Ga abin da ya faɗa mini, kuma ya sake faɗa a gaban mutane a Tajaye ba tare da ya canza ko kalma ba.

Lafiya lau Yaya ya shiga jirgi. Ya ci abincin da aka raba, har ya ce shinkafar ba gishiri. Ya roƙi Alhaji Ada ya bar masa kujerar taga. Agogonsa kuwa tun da suka tafi bai juya shi ba, lokacin gida yake nunawa. Takardata tana kan gwiwarsa, da guntun fensir. Duk lokacin da agogo ya kai inda na rubuta, sai ya ja layi ya ce, "Alhaji, yanzu muna bisa Sudan." Har na kujerun baya suka gano, suka riƙa leƙowa suna tambayarsa, "Direba, ina muke?" Shi kuma yana ba su amsa da gaske, kamar shi ke tuƙin.

Alhaji Ada ya ce, "Can sai ya dubi agogo, ya ja layi, ya ninke takardar ya ba ni. Ya ce, 'Riƙe ma Idi wagga. Mun iso gida. Ni nan ni ka sauka.' Na yi dariya, na ce to bari in ce ma direba shi taka birki. Ya kwance ɗamarar kujera, ya gyara hula, ya jawo takalmanshi da ya tuɓe ya sa. Ya buga ƙahwa ƙasa sau biyu, kamar mai kakkaɓe ƙura. Sannan ya jingina kai ga taga. Na ce barci ne."

Sai da ma'aikaciyar jirgi ta zo tana cewa kowa ya ɗaura ɗamara za a sauka, ta taɓa kafaɗarsa bai motsa ba. Aka kira likitan da ke tare da alhazai. Ya duba, ya ce zuciya ce, kuma ya ɗan jima da cikawa.

Na tambayi Alhaji Ada ƙarfe nawa ne lokacin da ya ba shi takardar. Ya ce shi ba ya da agogo. Abin da ya sani kawai, ba a jima ba kunnuwansa suka fara toshewa, jirgin ya fara yin ƙasa. Ban gaya masa maganar Rabi ba a lokacin. Bai taɓa zuwa gidanmu ba, bai san yadda Yaya ke shiga zaure ba. Buga ƙafar ya ambata ne kawai don abu ne da ya gani.

Na buɗe takardar. Duk layukan an ja musu fensir, tun daga teku har Tajaye. Yamai kaɗai ta rage ba a taɓa ba.

A buro, wato ofishin filin jirgin, ma'aikacin da ya cika takardar rasuwa ya rubuta Yamai a gurbin wuri, ya rubuta lokacin saukar jirgi a gurbin lokaci. Na ce masa ai kafin nan ya cika. Ya ce mini da ladabi cewa takarda tana son sunan gari, sama kuwa ba ta da suna. Na sa hannu.

Saura maganar inda za a rufe shi. Ni so nake in kai shi Tajaye. Malaman da ke wurin suka ce ga zafi, ga nisa, ba a jinkirta gawa ba dalili. Na kira gida na ce a tambayi Inna. Ina jin lokacin da Rabi ta faɗa mata, ina kuma jin amsarta daga nesa: "Ku ce mashi shi yi yadda malamai sunka ce. Ni na gama ganawa da shi." Washegari da hantsi muka yi masa sutura a Yamai, ni da Alhaji Ada da wasu direbobin siminti da labari ya iske a tasha. Daga maƙabarta na shiga mota. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tsarnawa. Awa takwas na yi ina bin garuruwansa a juye, da jakarsa a kan cinyata, a kan nisan da jirgi ya cinye cikin rabin awa.

Sai bayan addu'ar uku, da gida ya ɗan rage mutane, na zauna da Rabi ta ba ni nata labarin. Ranar tana ɗaki tana gyaran shimfiɗa saboda mai dawowa. Inna tana ƙarƙashin rumfa tana ɓarar wake, don an fara kawo shi daga gona. Mazan gidan duk suna gona wajen ɗaurin damma. Rabi ta ji an buga ƙafa sau biyu a zaure. Ita ba ta ji sallama ba. Abin da ta ji shi ne Inna ta amsa sallama, sannan ta ce, "Sha'aibu, shigo daga rana."

Rabi ta ce, "Shekara talatin ina gidan ga, ban taɓa jin ta kira sunan ba. Shi ya sa na hito da gudu da moɗar ruwa. Na leƙa zaure ba kowa. Na leƙa waje, hanya wayam, ko akuya babu."

Na sami Inna ita kaɗai da maraice. Na tambaye ta abin da ta ji. Ta ce ya yi sallama kamar kullum, ya ce, "Inna, na iso." Na tambaye ta me ya sa ta kira sunansa. Ta dubi tafin hannunta ta ce, "Muryar ba ta wanda za a sake kira ba ce." Ba ta ƙara ba, kuma har ta koma ga Allah shekara huɗu da suka wuce ba ta sake faɗin sunan ba, ba ta sake tada maganar ba.

Ni ne maganar ta ƙi saki. Watanni na yi ina komawa kan taswirar bayan an tashi daga lakwal. Na sake aunawa da zare, na auna da rula, na samo taswira mai girma wadda ke da Illela a ciki. Abu biyu nake nema, kuma suna karo da juna. Ina son in tabbatar lissafina daidai ne, don in yarda cewa yayana ya sauka inda ya yi niyya. Ina kuma son ya zama kuskure, don kada ya zama ni na rubuta masa tashar da zai sauka, da hannuna, ina dariya. Da ban ƙara wannan layin ba fa? Da jerin ya tafi daga Damargu zuwa Yamai kai tsaye, shin da ya jure rabin awar nan ya fito ya same ni a bakin shinge? Na san amsar da addini ya ba ni, na kuma yarda da ita. Limaminmu ya faɗa mini da kyau cewa kwanan mutum ba a takardar lakwal ake rubuta shi ba, abin da Inna ta ji kuwa Allah ne masani, in bar tono. Na ce to. Amma zuciya ba ta bari da an ce ta bari.

Na taɓa samun wani da ya yi aiki a filin jirgi na tambaye shi. Ya ce jirage ba sa bin zare. Suna da hanyoyinsu a sama, suna kauce wa hadari, suna kauce wa ƙasashen da ba a ba su izini ba, iska ma tana ƙara musu lokaci ko ta rage. Ya ce zai yiwu jirgin ya bi ta kan Tajaye, zai yiwu ya bi nesa da ita, ba wanda zai iya gaya mini yanzu. Na fito daga wurinsa ban san ko sauƙi na samu ko nauyi ba.

Yau duniyar ta wuce zare da rula. Bara da na je Tajaye, Nana, 'yar Yaya ta biyu, wadda ke aikin jinya a Ƙonni, ta nuna mini wani abu a salularta. Taswira ce, da ƙananan jirage suna rarrafe a kanta kamar tururuwa, kowanne da inda ya fito, da inda za shi, da mintin da ya rage masa. Lokacin dawowar alhazai ne. Ta nemo wanda ya taso daga Jidda za shi Yamai, muka zauna a ƙarƙashin rumfar nan muna kallonsa. Ya shigo Nijar, ya matso, ya matso. Sai ya bi ta kudu, can wajen iyaka, ya wuce. Bayan kwana biyu muka kalli wani, shi kuma ya bi ta arewa da mu. Nana ta ce ko mu jira na uku. Na ce ta bari.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan abu. Ina jin zai so shi da farko, zai riƙe salular da hannu biyu yana tambaya nan wane gari ne. Daga baya kuma ina jin zai mayar wa Nana abarta. Domin yanzu kowa ya san inda yake a kowane minti, amma tsayawa ta yi wuya. Motocin fasinja masu sanyi suna ratsa Tsarnawa labule a rufe, mutanen ciki kowa da salularsa, ba wanda ya san an wuce garin wani. 'Ya'yanmu da ke ci-rani suna kiran gida kullum har da hoto, amma sai su shekara uku ƙafarsu ba ta taka zaure ba. Ban ce laifinsu ne ba, hanya ta yi tsada kuma ta yi wuya. Na dai san Yaya ba zai kira wannan gaisuwa ba.

Me ya rage nasa? Ba gini, ba mota, motar da ya tuƙa ta wasu ce kuma an daɗe da yanka ta. Akwai 'ya'ya biyar da suka tashi da mutunci. Akwai direbobi uku ko huɗu da suka koyi aiki a hannunsa, waɗanda har yau in lodinsu na Tawa ne sai sun ratse sun gaida Rabi, su sha ruwa a tsaye su wuce. Ɗayansu ya ce mini shi ma bai san dalili ba, in bai tsaya ba sai ya ji motar ta yi masa nauyi. Akwai kuma Rabi, wadda ba ta sake aure ba, kuma har yau in rana ta take ba ta yarda ta zauna ita kaɗai a tsakar gida, sai ta ɗauki aikinta ta shiga maƙwabta.

Watan jiya na je Yamai ganin likitan ido, na ce bari in ziyarci kabarinsa, don na yi shekara shida rabona da wurin. Na tarar maƙabartar ta cika ta tumbatsa. Itacen da nake kwatance da shi an sare, allon ƙarfen da muka kafa tsatsa ta cinye ko an ɗauke. Na yi ta zagaye cikin rana ban gane ba. Mai gadin wurin, wani tsoho Bazabarme mai jin Hausa, ya zo ya taimake ni. Na gaya masa shekarar da watan. Ya kai ni wani layi, ya nuna kaburbura uku a jere, duk sun kwanta sun zama ɗaya da ƙasa, ya ce ɗaya daga cikinsu ne, amma ba zai rantse ba.

Ya ce, "Mutumin ina ne?"

Na ce, "Tajaye, ƙasar Illela."

"Asibiti aka kawo shi ya rasu nan?"

Takardar rasuwar tana gidana, da hatimi, da sa hannuna a ƙasa. Shekara talatin na yi ina koya wa yara kada su faɗi abin da ba za su iya nunawa a taswira ba. Amma na ji bakina ya ce, "A'a. A gida ya rasu."

Tsohon ya dube ni, ya dubi kaburburan. Na ga tambayar a fuskarsa, amma bai yi ta ba. Ya ja da baya ya ba ni wuri. Na tuɓe takalma, na tsaya a tsakiya, na yi wa duka ukun addu'a, tun da kowannensu yana da wanda ya taɓa jiran dawowarsa.

Allah ya jiƙan Yaya Sha'aibu, ya jiƙan Inna, ya sa tamu saukar ta zo da sauƙi.